M3 ko C63: wacce ta fi daɗi a hannu?

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana tsakanin BMW M3 ta 2016 da Mercedes-AMG C63 ta shekarar, kuma daɗin tuƙi kake nema, ba gudu kaɗai ba. Duka biyun na tuƙa su a nan Kano.

M3 ta fi sauƙin nauyi. Injinta mai silinda 6 ne a jere, lita 3.0, da tabo (turbo, na'urar ƙara wa inji ƙarfi) biyu. Kana karya sitiyari take bin ka, kamar ta san abin da ke ranka. Sai dai tayoyin baya ne ke ja, kuma ƙarfin yana zuwa farat ɗaya. Ka taka totur a kwana bayan yayyafi, ko inda yashi ya hau kwalta, za ta watsa baya. Ina roƙonka kada ka kashe na'urar hana santsi.

C63 kuwa V8 ce, wato injinta mai silinda 8 ne, lita 4.0. Ta fi nauyi, za ka ji hakan a kwana, amma rurinta da yadda take ja tun daga ƙasa, ko a cunkoson Zoo Road tana faranta rai. Wallahi sautin nan har yau yana kunnena. Mai kam tana sha.

Ni M3 zan ɗauka, saboda hannu nake bi, ba kunne ba.

Kafin ka biya, gwada kowacce a titin Zariya da sassafe, sannan ka bi ta layin unguwarku mai ramuka. Duka biyun a ƙasa suke, shakazobansu da tauri. Ka kuma leƙa kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa ka ji kuɗin birki da taya.