Cin Gashin Kai da Tsagewar Bango a Biranen Girka

Tambaya: Ina koyar da tarihin Girka ta dā. Na ce kowane birni yana cin gashin kansa, sai ɗalibaina suka fashe da dariya. Na yi kuskure ne?

Amsa: Ba ka yi ba, malam, dariyar ce ke buƙatar gyara. Ba gashin da wanzami ke askewa ake nufi ba. Gashi ne na gasawa, mai gajeren wasali: ka gasa abinka ka ci, ba sai wani ya yanka maka ba. Har a rediyo kana jin mai karanta labarai yana jan wasalin nan, ba wanda ya tsawatar masa. Allah ya kyauta.

Kalmar kuwa ta zauna daram a darasinka, domin a kanta Girkawa suka ƙarar da juna. Kowane birni na son ta ga kansa, yana hana maƙwabcinsa. Atina ta jagoranci ƙawancen yaƙar Farisa, a shekarar 454 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ta kwashe baitulmalin ƙawancen daga tsibirin Delos zuwa gidanta, abokai suka koma masu biyan haraji. Sparta ta ja daga a 431 wai za ta 'yantar da su. Da ta yi nasara a 404, da kuɗin Farisawa fa, sai ta ɗora wa Atina mutum talatin suna kisa da ƙwace. Ita ma Sparta, birnin Tebis ya karya ta a yaƙin Luktra a 371.

Tambaya: "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga." Za a iya buga shi a kan Filib, sarkin Makidoniya da ke arewa da biranen?

Amsa: Ƙwarai. Lokacin da ya doke Atina da Tebis a Keroniya a 338, biranen sun shafe kusan shekara ɗari suna sarar juna. Amma a lura, karin maganar bangon yake zargi, ba ƙadangaren ba. Masu jefa shi don zagin baƙo sun juya shi baibai.

Tambaya: Girka ko Yunan?

Amsa: Duka biyun. Yunan ta Larabci ta zo mana, ita malaman zaure suka sani. A jarida rubuta Girka.