Amsa ga mai batirin sola da ba ya kai asuba

Ɗan'uwa da ya ce batirinsa mai ruwa, 200Ah (wato yawan cajin da yake iya ɗauka), bai cika shekara ba amma kafin ƙarfe ɗaya na dare ya sauke, ga abin da na gani a shekarun da na yi ina wannan sana'a a Kano.

Batir ba randa ba ne da ake zuba wuta a rufe. Gida shida ne a cikinsa, kowanne volt biyu da ɗan ɗoriya, shi ya sa cikakke in ya huta yake nuna 12.6 ko 12.7. A kowane gida akwai farantan dalma a jiƙe cikin ruwan asid. Kana kunna fanka, asid ɗin yana kama farantan, yana barin wani farin gishiri a jikinsu, ruwan kuma yana rage kaifi. Caji ne ke narkar da gishirin nan ya mayar da shi cikin ruwa. Tun 1859 da Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a Faransa haka yake aiki.

To, matsalar a nan take. In gishirin ya yi kwanaki ba a narkar da shi ba, sai ya daskare, caji ya daina iya shi. Da hunturu ƙura ta lulluɓe maka panel, batir kullum bai cika ba, da dare kuma ka tatse shi ƙarƙaf. Wata biyu a haka sun isa su karya shi.

Sai zafi. Bara a watan Afrilu na je wani gida a Ɗorayi, an kulle batir a sito ƙarƙashin kwano, ko taga babu. Na buɗe murafun na haska, ruwa ya ƙafe, kan farantan a waje, sun yi fari fat. Maigidan ya ce ruwan leda yake ƙarawa. Wallahi na tausaya masa, kuɗi ne masu yawa.

Kai dai Malam, ka goge panel da sassafe. Duk wata ka duba ruwa, tataccen ruwan batir kawai za ka zuba, kada ka ƙara asid. Kada ka bari cajin batirin ya sauka ƙasa da rabi, wato wajen volt 12.1. Kuma ban da ashana kusa da shi lokacin caji, iskar da yake fitarwa tana kama wuta.

Gobe da magariba ka cire masa duk kayan da ke jan wuta, ya huta awa biyu, ka auna volt ɗinsa ka turo mana abin da ya nuna.