Amsa: Murhun itace mai yawan hayaƙi

Malam, ka ce murhun da kake ƙerawa yana hayaƙi har masu saye na ƙorafi. Yawanci laifin ɗakin wutar ne, wato bututun ciki inda wutar ke ci. Ya kamata tsayinsa ya kai ninki uku na faɗinsa: in faɗin santimita 10 ne, tsayin ya zama 30. Ka sa ragar ƙarfe a ƙofa, itace a kanta, iska ta bi ta ƙasa. In babu wannan, wutar shaƙewa take yi.

Tsakanin ɗakin wuta da gwangwanin waje kada ka zuba yashi, shanye zafi yake yi. Busasshiyar toka ta fi, amma kada ka danne ta.

Ƙarƙashin tukunya kuwa, bar ratar kamar santimita 2.5 tsakaninta da bakin ɗakin wuta mai faɗin santimita 10, in ba haka ba hayaƙi ta ƙofa zai dawo.