Amsar tambayar Kawu kan ko Sarkin Ingila Bajamushe ne (muryar da aka rubuta)

Na rubuta muryar nan ne saboda masu ƙarancin data, yadda mai muryar ya faɗa haka na sa.

Assalamu alaikum jama'ar gida, Kawu barkanku da yamma, ya iyali ya sanyi. Ku yi haƙuri tun jiya na ga tambayarku, ina wurin aiki ne sai yanzu na zauna. Kun ce kun ji a rediyo wai gidan sarautar Ingila asalinsu Jamusawa ne, ko gaskiya ne ko zuƙi ta malle. To Kawu gaskiya ne, kuma garin da tsohon sunan gidansu ya fito na je shi da ƙafata, daga nan Nuremberg awa ɗaya da 'yan kai ne a jirgin ƙasa. Sunansa Koburg, yana arewacin jihar Bavariya, mutanensa dubu 41 da wani abu, wallahi wata unguwar a Kano ta ninka shi.

Tun kana cikin jirgi za ka hango wata ƙatuwar ganuwa a kan tsauni, Veste suke ce mata, sai da na yi haki kafin na kai sama don na ƙi hawa 'yar motar yawon da ke kai mutane, rowa ta sa. A cikinta ne malamin nan Martin Luther da ya ɓalle daga cocin Katolika ya zauna kusan wata shida a 1530, ɗakinsa yana nan ana nunawa. Shi garin an fara ganin sunansa a rubuce tun 1056, amma inda labarinmu ya fara shi ne 1353, lokacin da ya faɗa hannun wani gida da ake kira Wettin, kuma ku lura fa, ba da yaƙi suka ci shi ba, mace suka aura ta zo musu da shi cikin gadonta. Ku riƙe wannan don za mu dawo kansa.

To su wannan gidan sun rabu biyu a 1485, ɓangaren wa da ɓangaren ƙane, Koburg ta faɗa ɓangaren wan, Ernst. Matsalar zuriyar Ernst ita ce duk uban da ya mutu sai 'ya'ya su raba ƙasar kamar gonar gado, wannan ya ja nasa wancan ya ja nasa, har aka wayi gari yankin ya cika da 'yan ƙananan masarautu, kowanne da fadarsa da tutarsa da 'yan dogarawansa, wata a yini guda za ka ratsa ta a kan doki. Mai sarautar suna ce masa Herzog, bai kai sarki mai cikakken kambi ba amma shi ke da wuƙa da nama a ƙasarsa. A 1826 aka sake rabon, Ernst na ɗaya ya saki Saalfeld aka ba shi Gota, daga nan sunan ya zama Saxe-Koburg da Gota. Garuruwan biyu ma ba su haɗa iyaka ba, akwai ƙasar wasu a tsakani.

Yanzu ga inda abin yake da daɗi. Mutanen nan ba su da soja na a zo a gani, kuɗi ma bashi ya taɓa yi musu katutu, abin da suke da shi 'ya'ya ne da iya neman aure. Shi Ernst ɗin yana da ƙane Leopold, ya auri 'yar gadon sarautar Ingila a 1816, ta rasu wajen haihuwa bayan shekara ɗaya, Allah bai yi ba. Bai karaya ba, aka yi masa tayin sarautar Girka ya ce a kai kasuwa, a 1831 ya karɓi ta Beljiyam, shi ne sarkinsu na farko kuma har yau jikokinsa ne a kai. 'Yar'uwarsu mace ta auri ɗan sarkin Ingila ta haifi Biktoriya, wadda ta zama sarauniyar Ingila, a 1819. A wannan shekarar dai aka haifa wa Ernst ɗa, Albert, a wani gidan gona na sarauta da ake kira Rosenau a bayan gari. Sai kawunsu Leopold ya shiga ya fita har aka ɗaura auren Biktoriya da Albert a 1840, auren zumunci ne sak irin namu, ɗan wa da 'yar ƙanwa, tuwona maina. 'Ya'ya tara suka haifa. Wani ɗan gidan kuma Ferdinand ya auri sarauniyar Fotugal a 1836, wani Ferdinand ɗin daban ya samu Bulgeriya a 1887. Kun ga ƙasa huɗu kenan daga garin da bai kai ƙaramar hukuma ba.

Abin da ya sa ni tsayawa cak a dandalin kasuwarsu, gaban gunkin Albert da ita Biktoriya ta zo da kanta aka buɗe a 1865, shi ne na yi lissafi. Ɗansu Edward na bakwai ya hau a 1901, da sunan gidan ubansa ya hau. Ke nan lokacin da sojojin Lugga suka shiga Kano da Sakkwato a 1903, sarkin da aka ci ƙasarmu da sunansa ɗan gidan Saxe-Koburg da Gota ne. Haɗe kudu da arewa na 1914 ma a ƙarƙashin wannan sunan aka yi. Ina tsaye ga hayaƙin masu gasa tsiren alade yana tashi, don su da busassun 'ya'yan itacen pine irin na dajinsu suke gasawa, ni dai na matsa gefe na sayi burodi da shayi, ina ta juya abin a raina. Kada kuma mu manta Leopold na biyu na Beljiyam, wanda ya mayar da Kwango gonarsa ta kansa daga 1885 zuwa 1908 ana yanke wa mutane hannu a kan roba, shi ma jinin gidan nan ne, wannan ba ka ganin sa a katin hoton da suke sayarwa.

To me ya sa yau ake ce wa gidan sarautar Ingila Windsor? Yaƙin duniya na ɗaya ne. Ingila na yaƙi da Jamus, ga sarki George na biyar da sunan Jamusawa, sannan jiragen da suka zo suna jefa bam a Landan a 1917 sunansu Gota, don a can garin ake ƙera su, har makarantar yara bam ya faɗa. Abin ya yi kunya, a watan Yulin shekarar ya sanar an ajiye sunan, an ɗauki na fadar Windsor.

Wanda ya fi ba ni tausayi da haushi a lokaci ɗaya shi ne mai sarautar Koburg na ƙarshe, Charles Edward. Jikan Biktoriya ne, a Ingila aka haife shi, yana makarantar Eton aka ce zo ka gaji kujerar kakanni, ya hau a 1900 yana ɗan shekara 16. Yaƙi ya zo ya tsaya ɓangaren Jamus, Ingila ta ƙwace masa sarautunta, a 1918 ta Koburg ɗin ma ta tafi, ba tsuntsu ba tarko. Daga nan ya rungumi Hitler hannu bibbiyu, ya zama shugaban Red Cross ta Jamus a zamaninsu, wannan kam ba uzuri. Garin ma haka, shi ne na farko a Jamus da 'yan Nazi suka ci rinjaye a majalisarsa, 1929. Ya mutu a 1954, kuma sarkin Suwidin na yanzu jikansa ne ta wajen uwa.

Af na manta, a 1919 mutanen garin sun yi ƙuri'a suka ƙi shiga jihar Turingiya, suka koma Bavariya a 1920. Wannan ƙuri'ar ce ta sa bayan 1945 suka tsinci kansu a Jamus ta Yamma, wayar shingen iyaka ta zagaye su ta gefe uku, ita kuwa Gota ta tafi Gabas.

Hoton da zan turo yanzu murfin kwalbati ne, ku duba da kyau, kan baƙin mutum ne da ɗan kunne. Tambarin garin kenan, waliyyinsu Maurice da suke cewa sojan Rum ne daga Masar. 'Yan Nazi sun cire shi a 1934 suka sa takobi, bayan yaƙi aka dawo da shi, yanzu kuma ana ta gardama wasu na cewa zanen raini ne wasu na cewa girmamawa ce. Ni dai da na tsaya ɗaukar hoton wata tsohuwa ta kalle ni ta kalli murfin ta yi sauri ta wuce. Kawu a gaida su Inna, cajina ya kusa ƙarewa, sai anjima.