Damina biyu ina gonar gwaji, abokina ya fi ni maƙaloli

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ina digiri na biyu a cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, aikina neman dawar da ƙuduji ba ya kayarwa. Damina biyu ke nan ina gonar gwaji, ko maƙala ɗaya ban fitar ba. Abokin karatuna ya fitar da bakwai a shekara guda, ya ce in biya kuɗi a buga min cikin mako biyu, wai da yawan maƙala ake sanin masani. Abin har barci yake hana ni. Na ɓata lokacina ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Kwantar da hankalinka, ba ka ɓata komai ba.

Kai ma ka san lissafin. Bayan barbara sai ka juya iri zuriya shida ko bakwai kafin ya zauna, damina kuwa ɗaya ce a shekara, sai dai in ka samu fili a Kadawa ka ƙara da rani. Sannan a gwada a wurare daban-daban, a kai gonakin manoma, kafin kwamitin ƙasa da ke zama a Ibadan ya yarda a sake shi. Waken SAMPEA 20-T, wanda tsutsar da ke huda kwanson wake ba ta iya masa, tun 2009 ake gwada shi a nan Samaru ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku, sai 2019 ya fita. Manomin da ke feshi sau shida zuwa takwas ya koma sau biyu. A fanninka kuma ga Gebisa Ejeta, mutumin Habasha, wanda dawarsa mai jure fari da ƙuduji ta jawo masa babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 2009, bayan shekaru masu yawa yana kanta.

To, bari in zo kan abokin naka, don wannan ciwon kullum nake fama da shi. Mujallar da za ta karɓi kuɗinka ta buga cikin mako biyu, ba wanda ya karanta aikin, shago ne kawai. Da abin ya tsaya a takarda ma da sauƙi. Ƙuduji ba ya bazuwa daidai a gona. Tsiro ɗaya yana zubar da dubban ƙwayoyi ƙanana kamar ƙura, suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma, wani gefen gonar ya cika maƙil, wani gefen fayau. Bana ya fito da ƙarfi, baɗi ya lafa. Sai yaro ya shuka damina ɗaya a wuri ɗaya, kunyar da ya shuka ta faɗa inda babu ƙwayar, ya ga dawa ta yi kyau, ya rubuta wai ya samo iri mai juriya. Wannan dawar sa'a ta ci. Wani ya kwafa, wani ya sake kwafar wanda ya kwafa, har maganar ta kai kunnen malamin gona. Ƙarshenta wani bawan Allah a Giwa ko Soba ya shuka, furen ƙuduji ya rufe masa gona, rumbu ya tashi wayam. Wa zai biya shi? Mai maƙalar yana can ya samu ƙarin girma.

Laifin ba na yaran kaɗai ba ne. Mu manya mu muka zauna a kwamitocin ƙarin girma muna ƙirga maƙaloli kamar buhuna a Dawanau, ba mai kwance bakin buhu ya ga ko ƙaiƙayi ne a ciki. Ga kuma ɗabi'ar "sa sunana in sa naka", mutum biyar a kan aikin da huɗu ba su taɓa taka gonar ba. Amana ce fa, kuma za a tambaye mu.

Kai dai ka ƙara damina ta uku, a wuri biyu aƙalla. Kada ka jira ƙudujin gona: ka gauraya ƙwayarsa da yashi ka zuba a kowane rami da hannunka, ka sa irin dawar da ka san ƙuduji yana kayarwa a gefe don kwatance, ka riƙa ƙirga tsiron ƙudujin duk mako biyu. Kafin ka tura wa kowace mujalla, je ɗakin karatu na Kashim Ibrahim na jami'a a duba maka ko tana cikin Scopus, wato kundin mujallun ilimi da aka tantance. In masu mujallar suka dawo maka da aikin shafi-shafi da gyara, ka zauna ka gyara. Kuɗin da za ka ba wancan shagon kuwa, ajiye shi ka biya masu yi maka noma a watan Yuli.