Tambaya da Amsa: Kod Mai Gyaruwa da Gardamar Windows da Linux

Wasiƙun da suka shigo wannan karon yawancinsu daga masu sana'ar gina manhaja ne da ɗaliban da ke koyonta, don haka na zaɓi biyar daga ciki. Duk inda na ce kod, ina nufin rubutaccen umarnin da magini ke tsarawa da wani yaren kwamfuta, wanda da shi ake samar da manhaja. Babbar manhaja kuma ita ce irin su Windows da Linux da macOS, wadda ke tafiyar da na'ura baki ɗaya.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Wata uku ke nan da na fara aikin gina manhaja, aka danƙa mini wata manhaja da wani ya rubuta shekara shida da suka wuce, shi kuma ya bar aikin. Duk inda na taɓa sai wani wurin ya lalace. Ina ganin gara in share ta in sake rubutawa daga farko. Mene ne shawararku?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka share ta, ko da zuciyarka na raya maka cewa cikin wata biyu za ka gina wadda ta fi ta. Kusan duk wanda ya gaji kod ɗin wani yakan ji haka, domin bin tunanin wani ya fi rubuta naka wuya, sai mutum ya ɗora laifin duka a kan kod ɗin alhali rabin wahalar rashin sabo ne. Manhajar da ta shekara shida a hannun jama'a ta sha ƙorafi, ta kuma sha faci. Layin nan da kake ganin ba shi da kai ba shi da gindi, mai yiwuwa an sa shi ne ranar da aka gano cewa lissafi na karkacewa a 29 ga Fabrairu, ko cewa wasu sunaye na ɗauke da harufan da rumbun bayanai ba ya karɓa. In ka share shi ka share ilimin da ke cikinsa, kuma za ka sake sayen wannan ilimin da tsada. Kamfanin Netscape ya ɗanɗana haka: bayan zubi na 4 na manhajarsa ta shiga intanet da ya fito a 1997, sai ya zaɓi ya sake gini daga tushe, sabon zubin bai fito ba sai ƙarshen 2000, a tsakanin nan kuwa Internet Explorer, kishiyarta ta kamfanin Microsoft, ta kwashe kasuwar.

Abin da za ka fara yi shi ne ka sa kod ɗin cikin Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen kod, idan ba ya ciki, domin kowane canji ya kasance da tarihi kuma ka iya komawa baya. Daga nan, kafin ka gyara wani ɓangare, ka rubuta masa gwaji mai gudanar da kansa, wanda zai tabbatar da abin da ɓangaren ke yi a yau, ko da abin da yake yi ɗin bai yi maka daɗi ba. Gwajin nan shi ne maganin ciwon da ka ambata, domin da zarar ka taɓa nan can ya karye, a take za ka sani maimakon ka ji daga bakin masu amfani da ita bayan mako biyu. Sannan ka riƙa tafiya da ƙananan canje-canje, kuma kada ka haɗa gyaran tsari da canjin aiki a zubi ɗaya. Ranar da kake canza sunaye da rarraba dogon aiki zuwa guntaye, kada ka ƙara sabon abu, saboda idan matsala ta taso ka san daga wace ƙofa ta shigo.

Akwai dai abin da nake goyon bayan a share ba tausayi, wato mataccen kod da babu mai kiransa. A ranar 1 ga Agusta 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital da ke Amurka ya yi asarar sama da dala miliyan 400 cikin kusan minti 45. An bar wani tsohon kod da aka daina amfani da shi shekaru da dama a cikin manhajarsu, aka ɗauki alamar da ke kunna shi aka ba ta sabon aiki, sannan aka sa sabon zubi a kan uwar garke bakwai, wato manyan kwamfutocin da manhajar ke aiki a kansu, aka tsallake ta takwas. Da gari ya waye aka buɗe kasuwa, alamar ta tashi tsohon kod ɗin a kan wannan ɗayar, ya dinga aika odar saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa. Tunda Git na riƙe da tarihi, babu hujjar ajiye gawa a cikin gida wai ko wata rana za a buƙace ta.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce. Malaminmu ya ce mu rubuta bayani a gefen kowane layi, wata ƙawata da ke aiki kuma ta ce kod mai kyau ba ya buƙatar bayani ko kaɗan. Wa zan bi?

Amsa: Malama, malaminku yana horar da ku ne ku fahimci abin da kuke rubutawa, kuma hakan daidai ne a aji. A wurin aiki kuwa na fi kusa da ƙawarki, sai dai ta yi zurfi. Bayanin da ke maimaita abin da layi ya riga ya faɗa nauyi ne kawai, kuma ranar da aka canza layin aka manta da shi, sai ya koma ƙarya. Abin da ake yi, sunaye masu ma'ana su ya kamata su faɗe shi. Dalilin da ya sa aka yi shi haka kuwa, kod ba zai taɓa iya faɗa ba, nan ne wurin bayani: me ya sa aka jira daƙiƙa uku a nan, me ya sa aka ƙi bin hanyar da ta fi sauƙi. Kada kuma ki raina tsarin rubutu. A Fabrairun 2014 kamfanin Apple ya fitar da faci saboda wani layi guda, goto fail, da aka maimaita sau biyu a kod ɗin da ke tantance sahihancin haɗin intanet. An tura layin na biyu ciki kamar yana ƙarƙashin sharaɗin da ke samansa, alhali ba ya ƙarƙashinsa, don haka kullum sai ya tsallake matakin tantancewa na ƙarshe.

Tambaya: Malam, kullum muna gardama da abokin aikina. Shi ya ce Linux ba ta kamuwa da ƙwayar cuta, Windows kuwa rariya ce. Ni kuma na ce da haka ne da duniya ta bar Windows tuntuni. A raba mana gardama.

Amsa: Malam, wannan gardama ta girmi da yawa daga cikin masu yin ta. Linus Torvalds ya fara Linux a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, kuma tun a farkon 1992 Farfesa Andrew Tanenbaum, wanda ya rubuta wata babbar manhaja ta koyarwa mai suna MINIX, ya fito ya ce tsarin Linux tsohon yayi ne, domin ta tara kusan komai a cikin zuciyar babbar manhaja maimakon a bar zuciyar ƙarama a fitar da sauran ayyuka waje. Yau ga Linux a cikin kowace wayar Android, kuma tun Nuwamban 2017 duk manyan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya a kanta suke aiki. Amma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, don haka bari mu ajiye son rai mu dubi abin da ya faru.

Abokinka yana da gaskiya ta wani gefen. Linux ta gaji tsarin raba iko na Unix, wata babbar manhaja da ta girme ta, inda mai amfani na yau da kullum ba shi da ikon taɓa fayilolin tsarin sai ya nemi izini, kuma yawancin manhajoji daga rumbu ɗaya da aka tantance ake sauke su. A zamanin Windows XP kuwa mutane da yawa da cikakken iko suke shiga kwamfutarsu, duk abin da suka latsa shi ma ya samu wannan ikon. Sai a Windows Vista aka fara tsayar da mutum ana neman amincewarsa, kuma Windows ta yau ta yi wa ta wancan lokacin nisa ƙwarai. Kai ma kana da taka gaskiyar: ɓarawo inda taro yake can yake zuwa, kuma a kan teburin ofis da na gida Windows ce ke da taro.

Inda abokinka ya yi kuskure shi ne kalmar ba ta kamuwa. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan kyamarorin tsaro da na'urorin rarraba intanet masu aiki da Linux, ba da wata dabara mai zurfi ba, illa gwada kalmomin sirrin da aka fito da na'urorin da su daga masana'anta, waɗanda masu su ba su taɓa canzawa ba. Da wannan rundunar aka kai wa kamfanin Dyn, mai haɗa sunayen shafukan intanet da adireshinsu, hari a Oktoban shekarar, manyan shafuka da dama suka ƙi buɗewa. Ka haɗa wannan da WannaCry, manhajar garkuwa da bayanai don neman kuɗin fansa, wadda ta bazu a ƙasashe sama da 150 a Mayun 2017, har ta tsayar da aiki a asibitocin Birtaniya da dama. Microsoft ya fitar da facin ɓarakar Windows da ta bi ta shiga tun a Maris, wata biyu kafin harin, waɗanda abin ya shafa ba su sa shi ba ne. A duka biyun, sai da bango ya tsage ƙadangare ya samu wurin shiga, kuma masu bangon ne suka bar tsagar.

Ra'ayina, in dai uwar garke ce, Linux nake zaɓa, domin ana iya rage ta har ya zama babu abin da ke aiki a cikinta sai abin da ake buƙata. Kwamfutar aiki ta yau da kullum kuwa, a ba mutum wadda zai iya kula da ita ya kuma riƙa sabuntawa. Wanda ke kan Windows 10 ya sani cewa Microsoft ya daina ba ta tallafin da aka saba tun 14 ga Oktoba 2025, wannan kuma ya fi cancanta ku tattauna a kai.

Tambaya: Malam, na ji ana cewa buɗaɗɗiyar manhaja ta fi tsaro tunda kowa na iya karanta kod ɗinta. Haka ne?

Amsa: Ɗan'uwa, kowa na iya karantawa, amma wa ya karanta? Ɓarakar Heartbleed da aka bayyana a Afrilun 2014 tana cikin OpenSSL, laburaren kod da wani babban kaso na shafukan duniya ke dogaro da shi wajen ɓoye bayanai, kuma ta shekara biyu a fili kafin a lura da ita. Kuskuren ƙarami ne: kwamfuta na aiko da saƙo ta ce tsawonsa kaza ne a maido mata da shi, ita kuma uwar garke ba ta duba ko tsawon gaskiya ne, sai ta ɗebo har kilobayit 64 daga ƙwaƙwalwarta ta miƙa, da kalmomin sirri da duk abin da ya faɗo ciki. Mutane ƙalilan ne ke kula da aikin a lokacin, kod ɗin kuma ya cushe, shi ya sa da masu babbar manhajar OpenBSD suka ɓalle da nasu reshen mai suna LibreSSL, aikinsu na farko shi ne share dubban layuka.

Buɗewar tana da rana duk da haka. A Maris 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga wata kwamfuta ta SSH, wato hanyar shiga kwamfuta daga nesa, na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya kamata. Ya bi diddigi har ya tono ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse, da aka dasa da gangan a cikin xz, wata manhajar matse fayil, ta hannun wani da ya shafe kusan shekara biyu yana taimakawa a aikin har aka amince da shi. Da kod ɗin a rufe yake, da wuya ya kai ƙarshen zaren. Abin da ya shafe ka a matsayin magini shi ne duk laburaren da ka aro ya zama naka. Lokacin da ɓarakar laburaren Log4j ta fashe a Disambar 2021, kamfanoni da yawa kwanaki suka yi suna laluben ko suna amfani da shi ma, domin ya shigo musu ne a cikin cikin wani laburaren. Ka ajiye jerin abin da ka aro da lambar zubinsa, ka duba yaushe aka sabunta shi na ƙarshe, kuma kada ka jawo laburare guda saboda aikin da layi goma za su yi maka.

Tambaya: Malam, an ce yaren C ya mutu, kowa ya koma yaren Rust. In daina koyon C ke nan?

Amsa: Bai mutu ba, Malam, zuciyar Linux har yau kusan duka da shi aka rubuta ta. Abin da ya tayar da maganar shi ne a 2019 Microsoft ya ce kusan kashi 70 cikin 100 na ɓarakokin da yake toshewa duk shekara daga kuskuren sarrafa ƙwaƙwalwar kwamfuta suke, masu Chromium, tushen manhajar shiga intanet ta Chrome, ma suka faɗi adadi makamancin wannan. C yana barin wannan aikin a hannun magini, Rust kuwa yana kama yawancin irin waɗannan kurakuran tun kafin manhajar ta fara aiki, shi ya sa aka buɗe masa ƙofa a Linux daga zubi na 6.1 a ƙarshen 2022. Ka ci gaba da C har ka gane yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, domin akwai miliyoyin layukan da za a daɗe ana neman mai gyara su. Idan kuma sabuwar manhaja za ka fara wadda za ta riƙa karɓar bayanai daga intanet, ka ɗauki Rust ko Go ko Java, gwargwadon wanda abokan aikinka za su iya karantawa bayan ka tashi daga kujerar.