Me ya sami Tesla: motocinsa ne suka tsufa, ko masu gasa ne suka yi yawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A shekarun baya in aka ce motar lantarki, Tesla ake nufi. Yanzu kuwa ina ta jin cewa wani kamfanin ƙasar Sin mai suna BYD ya sha gabansa, kuma cinikinsa na ja da baya. Shin motocin nasa ne suka lalace, ko sauran kamfanonin ne suka kamo shi? Kuma me ya sa ba ya fito da sababbin motoci akai-akai kamar yadda Toyota da sauransu ke yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka ji gaskiya ne, amma ba lalacewa motocin suka yi ba. Matsalar Tesla ita ce kusan duk cinikinsa a kan motoci biyu ya tsaya, Model 3 da Model Y, kuma dukansu sun kwana biyu a kasuwa. Tambayarka ta biyu, wato rashin fito da sababbin motoci, ita ce rabin amsar ta farko. Don haka bari in fara da ita.

An kafa kamfanin a 2003, Martin Eberhard da Marc Tarpenning ne suka kafa shi, Elon Musk ya shigo da kuɗinsa a 2004, ya zama shugaba a 2008. Dabarar da Musk ya shimfiɗa tun 2006 ba ta da wuyar ganewa: a fara da mota mai tsada don masu hannu da shuni, a ɗauki kuɗin a ƙera mai sauƙi, a sake ɗaukar kuɗin wannan a ƙera wadda ta fi ta sauƙi. Haka kuwa aka yi. Roadster ta fito a 2008, ƙaramar motar tsere mai kujeru biyu da aka gina a kan gangar jikin wata mota mai suna Lotus Elise, farashinta ya haura dala 100,000, kuma ba a sayar da ko 2,500 ba. Sai Model S a 2012. Wannan ce ta canza wa mutane tunani, domin kafin ita ana ɗaukar motar lantarki a matsayin abin wasan yara da ba ya nisa. Model X mai ƙofofin baya da ke buɗewa sama kamar fikafikai ta biyo a 2015, Model 3 a 2017, Model Y a 2020.

Daga nan fa sai tafiyar ta tsaya. Ka duba jerin da kyau: tsakanin 2012 da 2020 an fitar da motoci huɗu. Daga 2020 zuwa yau, sabuwar mota guda ɗaya tak aka sayar wa jama'a, a-kori-kurar nan Cybertruck, sai babbar motar ɗaukar kaya ta Semi da aka fara miƙa wa kamfanin PepsiCo a ƙarshen 2022, wadda ba ta ɗaiɗaikun mutane ba ce. Ita kanta Model Y ba sabuwa ba ce fil, kusan kashi uku cikin huɗu na kayanta na Model 3 ne, an ɗaga ta sama an faɗaɗa mata baya.

Ba zan rage wa wannan dabara daraja ba, domin ita ce ta yi wa kamfanin arziki. In kana ƙera mota iri ɗaya da yawa, kuɗin kowace guda yana sauka. Masana'antar Shanghai da ta fara aiki a ƙarshen 2019, da ta kusa da Berlin da ta Austin a jihar Texas da aka buɗe a 2022, galibi an gina su ne don su riƙa zubo waɗannan motoci biyu. Tesla ya sayar da motoci kusan 500,000 a 2020, ya kai miliyan 1.31 a 2022, sannan miliyan 1.81 a 2023. A wannan shekarar ta 2023 Model Y ce motar da aka fi saye a duniya baki ɗaya, har da masu shan fetur, ta wuce Corolla da RAV4 na Toyota. Ba ƙaramin abu ba ne.

To amma mai sayen mota ba iri ɗaya ba ne. Wani ƙaramar mota yake so ta zirga-zirgar cikin gari, wani mai iyali ne yana neman babbar mota mai araha, wani kuɗinsa bai kai rabin farashin Model 3 ba. Duk wanda Model 3 ko Model Y ta dace da shi, kuma yake da kuɗinta, a hankali ya saya. Saura fa? Babu abin da za a nuna musu. A 2024 ciniki ya sauka zuwa miliyan 1.79, karo na farko da ya ja baya tun da kamfanin ya fara sayar da mota da yawa, a 2025 kuma ya ƙara sauka zuwa kusan miliyan 1.64. Gyaran fuskar da aka yi wa Model 3 a 2023 da wanda aka yi wa Model Y a farkon 2025 sun inganta su ƙwarai, an rage ƙara a ciki, an gyara yadda suke shanye gargada, amma wanda ya gan su daga nesa ya san motocin da ya sani ne.

Cybertruck ce ya kamata ta buɗe sabuwar ƙofa, domin a Amurka babu abin da ake saye kamar a-kori-kura. Da aka nuna ta a 2019 an ce za ta fara daga dala 39,900. Sai a ƙarshen Nuwamban 2023 aka fara miƙa ta, kuma waɗanda aka fara sayarwa sun zarce ninkin wancan farashi. Musk ya yi maganar ƙera 250,000 a shekara, abin da aka sayar a 2024 bai wuce kusan 40,000 ba. An sha kiran ta a dawo da ita don gyara, kuma siffarta mai kaifi da nauyinta sun sa ba ta shiga kasuwar Turai ba. A ganina wannan ita ce babbar asarar da kamfanin ya yi, kuma lokacin da ta ci ya fi kuɗin ciwo. Shekaru huɗun da injiniyoyinsa suka kwashe suna kokawa da baƙin ƙarfe marar tsatsa, a cikinsu ne kamfanonin Sin suka cika kasuwa da ƙananan motoci masu araha.

Yanzu ga BYD. Mutane da yawa suna ɗaukarsa sabon shiga, alhali ya girmi Tesla. Wang Chuanfu ya kafa shi a Shenzhen a 1995 yana yin batirin wayar hannu, ya shiga ƙera mota a 2003, kamfanin attajirin Amurka Warren Buffett ya sayi kusan kashi 10 cikin 100 na hannun jarinsa a 2008. An taɓa tambayar Musk game da shi a wata hira ta talabijin a 2011, sai ya fashe da dariya. A Janairun 2024 shi da bakinsa ya ce in ba a kafa shingen haraji ba, kamfanonin Sin za su rusa yawancin kamfanonin motoci na duniya.

Abin da ya faru a tsakani, batir ne. A motar lantarki batir shi ne abu mafi tsada, yakan ci kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ƙera ta. BYD maƙerin batir ne da ya koyi ƙera mota, kuma ya riƙe wani nau'i da ake kira LFP, wanda ake haɗawa da litiyam da ƙarfe da fosfet, ba ya buƙatar nikel da kobalt masu tsada. Irin wannan batir ya fi arha, ya fi jure yawan caji, bai cika kama wuta ba. Aibinsa ɗaya, wutar da yake riƙewa ba ta kai ta ɗaya nau'in ba idan nauyinsu ɗaya. A 2020 BYD ya fito da batirin Blade, inda ya jera dogayen ƙwayoyi sirara kai tsaye a ƙasan mota ba tare da ƙananan akwatuna ba, sai wurin da aka yi tsiminsa ya rufe wani ɓangare na wancan aibi. Shi ma Tesla yana sa LFP a motocinsa masu sauƙin kuɗi, sai dai saye yake yi daga wasu, musamman kamfanin batir na CATL, wanda shi ma na Sin ne. BYD kuwa nasa yake yi, har injin lantarkin da wasu ƙananan na'urorin ciki. Shi ya sa yake iya sayar da Seagull a ƙasa da yuwan 70,000, wajen dala 10,000 ke nan, abin da Tesla ba shi da ko mai kama da ita.

Sai ka yi hattara da alƙaluman da ake yaɗawa. BYD ya daina ƙera mota mai fetur zalla a 2022, amma yana ƙera masu haɗa fetur da lantarki da yawa. In ka ji an ce ya sayar da miliyan 4.27 a 2024, da su aka haɗa. Masu lantarki zalla a waccan shekarar miliyan 1.76 ne, Tesla na gaba da ɗan kaɗan. A 2025 ne BYD ya wuce Tesla sarai, da kusan miliyan 2.26. Wannan ne kwatancen da ya yi adalci.

Kuma gasar ba iri ɗaya ba ce a ko'ina. A Sin ta fi zafi, domin ba BYD kaɗai ba ne. Akwai Geely, Xpeng, Nio, Li Auto, Leapmotor, ga kuma Xiaomi mai yin wayoyi, wanda ya fito da SU7 a Maris ɗin 2024 ya sa mata farashi ƙasa da na Model 3 da gangan, ya biyo da YU7 a 2025 don ta kara da Model Y. A can kamfani kan sabunta mota cikin shekara biyu, kuma mai saye ya saba da hakan. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Abin da Tesla ya mayar da martani da shi a 2025 shi ne Model Y L, wadda aka ƙara wa tsawo aka sa mata kujeru shida.

A Amurka kuwa shinge ne ke kare shi. Gwamnatin Biden ta ɗora harajin kashi 100 cikin 100 a kan motocin lantarkin Sin a 2024, don haka BYD ba ya sayar da ƙananan motocinsa a can. Duk da haka Hyundai da Kia da General Motors da Ford sun yi ta gutsurar kasonsa. A da kusan huɗu cikin kowace motar lantarki biyar da aka sayar a Amurka ta Tesla ce, a tsakiyar 2024 ya faɗo ƙasa da rabi. Sannan rangwamen haraji na dala 7,500 da gwamnati ke bai wa mai saye ya ƙare a ƙarshen Satumban 2025. Bayan 'yan kwanaki Tesla ya fito da Model 3 da Model Y da aka rage wa kayan alatu, a kan dala 36,990 da 39,990. Ragin bai kai rangwamen da aka rasa ba.

Turai ce ta haɗa masa zafi biyu. Volkswagen da Renault da Skoda da BMW suna gida da motoci masu girma daban-daban, kamfanonin Sin kuma sun shigo duk da ƙarin harajin da Tarayyar Turai ta sa musu a Oktoban 2024 (na BYD kashi 17 ne a kan kashi 10 na asali), har BYD ya gina masana'anta a Hungary don ya kauce masa. Ga kuma siyasar Musk, aikinsa a gwamnatin Trump da goyon bayan da ya nuna wa jam'iyyar AfD ta masu tsattsauran ra'ayin ƙin baƙi a Jamus, wanda ya ɓata wa masu saye da dama rai. A nan nake saɓa wa masu ɗora komai a kan siyasa. Ta yi tasiri, babu musu, amma a Sin babu wanda ya damu da AfD, kuma can ma kasonsa na raguwa.

Rage farashi ma an gwada. A Janairun 2023 Tesla ya zaftare har kusan kashi 20 cikin 100 a kan wasu motocinsa a Amurka. Ciniki ya ƙaru a shekarar, amma ribar da yake samu a kan kowace mota ta zube daga wajen kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 20, kuma waɗanda suka saya kafin ragin suka wayi gari motarsu ta faɗi a kasuwar na-hannu.

To me ya hana shi ƙera ƙaramar mota mai araha? Zaɓi ne, ba gazawa ba. An daɗe ana maganar mota ta dala 25,000. A Oktoban 2024 Musk ya ce ƙera irinta mai sitiyari ba shi da amfani, a watan ne kuma ya nuna Cybercab, mai kujeru biyu, ba sitiyari ba feda. A Yunin 2025 aka fara gwajin tasi mai tuƙa kanta a Austin da Model Y, da ma'aikaci zaune a ciki yana sa ido. A farkon 2026 ya sanar da cewa za a daina ƙera Model S da Model X, a mayar da wurinsu a masana'antar Fremont wajen ƙera mutum-mutumin Optimus. Wato kamfanin ya zuba kuɗinsa a kan cewa mota mai tuƙa kanta za ta sa yawan samfura ya zama ba shi da muhimmanci. Masu sayen hannun jarinsa ma da wannan fata suke saye, shi ya sa darajarsa a kasuwar hannun jari ta fi ta Toyota nesa, alhali Toyota na sayar da sama da motoci miliyan 10 a shekara. Ni dai ina ganin caca ce babba, domin ko a fagen tasin ma ba shi kaɗai ba ne, kamfanin Waymo, ɗan'uwan Google, na ɗaukar fasinja ba direba a Phoenix da San Francisco da Los Angeles tun kafin shi.

Kada ka ɗauka ya ƙare. Model Y har yanzu tana cikin motocin da aka fi saye a duniya, tana cin wuta kaɗan a kan nisan da take yi, kuma manhajarta da ake sabuntawa ta intanet ta fi ta yawancin tsofaffin kamfanoni. Tashoshin cajinsa sun yi ƙarfin da Ford da General Motors suka amince a 2023 su koma amfani da irin bakin cajinsa a Arewacin Amurka, sauran suka biyo baya, yanzu motocin abokan gasarsa suna biyansa kuɗin wuta. Ga kuma manyan batiran adana wutar lantarki na Megapack, waɗanda cinikinsu ya hau a 2024 da 2025, a daidai lokacin da na mota ya sauka. Sai dai ko a caji ana matsowa: a Maris ɗin 2025 BYD ya nuna tsarin caji mai ƙarfin kilowat 1,000, wanda ya ce cikin minti biyar yana ba mota wutar tafiyar kilomita 400, abin da tashoshin Tesla na ƙananan motoci ba su kai ba tukuna.